Jirgin Mombasa Ya Sake Fitowa Daga Cikin Tsoffin Hotuna

A 2019 kamfanin Springer ya fitar da wani littafi mai suna 3D Recording and Interpretation for Maritime Archaeology, wanda mutum huɗu suka tace: John McCarthy da Jonathan Benjamin da Trevor Winton da Wendy van Duivenvoorde. Sunan kaɗai ya isa ya kori mai karatu, wannan ba sai an faɗa ba. To amma don Allah kada a gudu. A cikinsa akwai babi na uku, wanda wani dattijo mai suna Jeremy Green ya rubuta, kuma wallahi babin nan ya tafi da imanina. Tun da na gama shi, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin jirgin Mombasa, ko yana so ko ba ya so. Ga shi kuma littafin kyauta ne a intanet, ko sisi ba a biya.

Abin da Green ya yi, a baki ba shi da wuyar faɗa. Ya ɗauko hotunan fim da aka ɗauka a ƙarƙashin teku shekara arba'in zuwa hamsin kafin fitowar littafin, zamanin da kyamarar dijital ba ta shigo kasuwa ba, ya shigar da su kwamfuta, ya ba wata manhaja ta zamani ta auna su. Sai ga jikin jirgin da aka tona tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan sharhi ya tashi a kan allo da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, ana juya shi ta duk inda aka ga dama. Bai sake shiga ruwa ba, bai sake ɗaukar ko hoto ɗaya ba. Duk abin da ya samu yana nan kwance cikin tsoffin fina-finan tun ranar da aka wanke su, rashin abin karanta shi ne kawai ya sa ba a gani ba.

Shi Green ɗin ba yaro ba ne a wannan harka, kuma wannan yana cikin abin da ya sa babin ya yi armashi. Tun yana saurayi a Oxford, cikin shekarun 1960, yake haɗa na'urorin gano ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, har aka yi aiki da su a kan tsohon jirgin Kyrenia na tsibirin Saifurus. A 1971 ya koma gidan tarihi na Yammacin Ostireliya, ya shugabanci sashen binciken tarihin teku shekara da shekaru, kuma shi ya jagoranci tonon shahararren jirgin nan Batavia. Ke nan ba wani matashi ne ya zo da kwamfuta yana gyara wa magabata aiki ba. Mutumin da ya riƙe kyamara a cikin ruwa da ƙuruciyarsa shi ne ya dawo da furfura yana tambayar hotunansa abin da suka rage masa. Ni dai na rasa abin da ya fi wannan ban sha'awa a ilimi.

Jirgin kuwa sunansa Santo António de Tanná, na yaƙi ne, na Turawan Fotugal, mai igwa 42. A gabar yammacin Indiya aka ƙera shi, a Bassein kusa da Mumbai ta yau, da katakon tik, aka gama a 1681. Abin da ya kai shi Afirka ta Gabas shi ne rigimar Fort Jesus, ganuwar nan da Fotugal ta fara ginawa a Mombasa a 1593 don ta riƙe hanyar kasuwancin tekun Indiya. A watan Maris na 1696 Larabawan Oman, ƙarƙashin mulkin Imam Saif bin Sultan, suka yi wa ganuwar ƙawanya. Yunwa da annoba suka yi ta cin na ciki. Daga Goa aka turo jirgin ya kai ɗauki, ya iso a ƙarshen 1696, ya sauke abin da ya sauke, ya wuce Mozambik, ya dawo a shekara mai zuwa. A watan Oktoba na 1697 ya nutse a gaban ganuwar, a idon waɗanda ya zo ceta. Su kuma suka ci gaba da jurewa har Disamba 1698, sannan ganuwar ta faɗa hannun Omaniyawa, bayan kusan shekara uku ana abu ɗaya.

Kusan shekara 270 jirgin yana kwance a wurin, zurfin kamar mita 15, har masu nutso na garin suka ci karo da shi a shekarun 1960. James Kirkman, mai kula da gidan tarihin Fort Jesus na lokacin, ya fara duba wurin. Babban tono kuwa daga 1977 zuwa 1980 aka yi shi, haɗin gwiwa tsakanin hukumar gidajen tarihi ta Kenya da cibiyar binciken tsoffin jirage ta Amurka da ake kira INA, Robin Piercy ne shugaban aikin. Abin da suka fitar ya isa a yi masa sharhi na daban: tangaran na ƙasar Sin, manyan randuna na kudu maso gabashin Asiya, tukwanen Indiya da na Afirka, gumagumai na baƙin katako mai tsada da aka loda daga Mozambik, sassaƙen mala'iku na itace irin na adon bayan jirgi. Duk tekun Indiya a cikin ciki ɗaya. Amma jikin jirgin kansa, kimanin mita 30 na katako da ya tsira, ba a ɗago shi ba. An auna shi, an ɗauki hotunansa, aka bar shi a inda yake.

A nan ne maganar take. Tonon kayan tarihi aiki ne da ba a yin sa sau biyu. Da zarar ka ɗaga tulu daga inda ya kwanta shekara ɗari uku, dangantakarsa da abin da ke gefensa da abin da ke ƙarƙashinsa ta tafi ke nan, sai abin da ka rubuta ko ka zana ko ka ɗauka a hoto. Katakon da aka yaye wa yashi kuma, tsutsar ruwan gishiri tana jiransa, shi ya sa ake sake binne shi. Saboda haka jirgin Mombasa kamar yadda masu nutso suka gan shi a 1978, tsirara, haƙarƙarinsa a jere, babu shi a ko'ina a duniya yanzu sai a cikin takardun aikin da fina-finan nan. Ko ka je Mombasa yau da kyamarar da ta fi kowace tsada, ba za ka same shi a wannan hali ba.

Sai mutum ya san wahalar da suka sha sannan zai gane darajar abin. Kyamarar da aka fi aiki da ita a ƙarƙashin ruwa a zamanin ita ce Nikonos ta kamfanin Nikon, fim ɗinta hoto 36 ne, kuma ba a canja fim a cikin ruwa. In ya ƙare sai ka hau sama, ka bushe hannu, ka buɗe, ka sa wani, ka duba robar da ke hana ruwa shiga, ka koma. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke da dare. Ruwan mashigin Mombasa kuwa ba garau yake ba, ga igiyar ruwa tana ja, don haka ba dama ka ja da baya ka ɗauki jirgin gaba ɗaya a hoto guda. Dole ka matso kusa, ka riƙa ɗauka ƙanana ƙanana, kana tafiya a layi, kowane hoto ya ci wani ɓangare na wanda ya gabace shi. Daga nan sai aikin ɗakin duhu: a buga kowane hoto daidai girman ɗan'uwansa, a baza a kan tebur, a sa almakashi a yanke gefe, a jera, a manna. Kuma duk ƙwarewarka gefunan ba sa haɗuwa cif, domin jirgi ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne. Katakon da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto, na can ƙasa ya ƙanƙance, in ka daidaita wannan sai wancan ya goce. Haka za a yi ta lallaɓawa har a sami babban hoto ɗaya mai ɗinki, wanda yake nuna kamannin wurin amma ba a dogara da shi wajen awo mai tsanani.

Wannan gocewar da ta riƙa ba su ciwon kai, ita ce fa dukiyar! Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Yatsan zai yi tsalle, bangon da ke nesa kuwa da ƙyar zai motsa. Daga girman tsallen nan ƙwaƙwalwa take gane nisa. Manhajar da Green ya yi aiki da ita, PhotoScan ta kamfanin Agisoft, wadda daga baya aka sake mata suna Metashape, lissafin da take yi ke nan, amma a kan dubban ɗigo a lokaci guda. Tana bin kowane hoto tana tsince alamomi: kan ƙusa, tsagar katako, ɗan kodi da ya maƙale. Sai ta nemo alamar a hoto na biyu da na uku, ta ga yadda ta gusa. Daga nan ta lissafo inda kyamara take a lokacin da aka ɗauki kowane hoto da inda ta fuskanta, wato ta gano hanyar da mai nutso ya bi a cikin ruwa shekara arba'in baya, taku bayan taku. In ta san wannan, sai ta ba kowane ɗigo matsayinsa a sarari, ɗigogin su taru su yi gajimare mai siffar jirgi, ta haɗa su da layuka su zama fata, ta shafa hotunan asali a kai. Sandar awo da masu aikin suka ajiye a cikin hoton ita ke gaya mata tsawon mita ɗaya.

Kada a ɗauka danna maɓalli ne kawai a je a sha shayi. Hoton dijital yana zuwa da bayanin kyamarar da ta ɗauke shi da irin gilashinta a ɓoye a jikinsa. Tsohon fim bebe ne, ba ya faɗin komai, sai manhajar ta yi hasashe ko a nemo bayanin a tsohon littafin aiki. Ruwa yana karya haske, yana sauya yadda gilashin kyamara ke gani. Wajen shigar da fim kwamfuta, in aka yanke gefen wannan daban da na wancan, lissafi ya rikice. Ƙura da ƙarzuwa a jikin fim, manhaja tana iya ɗaukarsu alamomi ne na jirgi. Kifi ya gifta a hoto ɗaya, babu shi a na gaba. Firam ɗin awo da ake ɗagawa ana matsarwa daga wuri zuwa wuri shi ma yana ruɗa ta, domin ita ta ɗauka duk abin da ke cikin hoto a tsaye yake, sai an bi hotunan ɗaya bayan ɗaya an rufe shi da hannu. Uwa uba, in mai ɗaukar hoton ya yi tsumulmular fim, hotunan ba su ci juna sosai ba, to babu dabara. Wurin zai fito da rami, kuma babu kwamfutar da za ta cike shi da gaskiya.

Shi ya sa nake cewa gwarzon wannan labari ba manhajar ba ce, duk da ina yaba mata. Gwarzo shi ne mai nutson da ya daure ya ɗauki hoto fiye da yadda aikin ranar yake bukata, ya ajiye sandar awo a inda ta dace, ya rubuta lambar kowane fim da ranar da aka ɗauke shi da ɓangaren jirgin da ya nuna. Sai kuma wanda ya adana fina-finan shekara arba'in bai bari zafi da laima sun cinye su ba, bai kuma zubar da su ranar da ake neman wurin ajiye sabuwar kabad ba. Ba su san PhotoScan na zuwa ba. Aikinsu kawai suka yi da kyau, sai ga shi ya haifi abin da ba su yi tsammani ba.

To me aka ƙaru da shi, ban da burgewa? Ga mai nazarin ƙirar jirage, amfanin ba kaɗan ba ne. Siffar cikin jirgi, yadda haƙarƙari ke lanƙwasa daga ƙashin baya zuwa sama, ita ce sirrin maƙerinsa, daga ita ake gane nauyin da yake ɗauka da yadda yake tsaga ruwa da kuma al'adar ƙirar da aka bi. A da, in masu tono sun auna lanƙwasar a wurare kaza, to iyakar abin da kowa zai samu ke nan har abada. Yanzu mai bincike zai iya yanka siffar a kwamfuta a duk inda ya so, ya fitar da lanƙwasar wurin da ba wanda ya taɓa aunawa, ya gwada ta da awon hannu na wancan lokaci ya ga inda suka dace da inda suka saɓa. Jirgin Fotugal da aka ƙera a Indiya, da katakon Indiya, a ƙarni na 17, ba abu ne da ake samu kullum ba, saboda haka kowane ɗan ƙarin awo yana da daraja. Ga kuma ɗalibin da ke Mombasa ko Lisbon, wanda ba zai taɓa ganin katakon da idonsa ba, zai iya leƙa tsakanin haƙarƙarin daga teburinsa.

Ɗaya misalin na babin shi ne binciken Cape Andreas, can a ƙarshen dogon hancin da ya miƙe a arewa maso gabashin Saifurus, a 1969 da 1970, lokacin Green yana matashi. Wannan ba tono ba ne, shawagi ne: masu nutso su jera su bi ƙasan teku suna neman anka da fasassun tuluna, ana rubuta inda aka ga kowane. Bai kama ni kamar na Mombasa ba, amma yana da nasa nauyin. Tun da aka raba tsibirin a 1974 yin bincike a wannan yanki ya zama abu mai sarƙaƙiya, don haka abin da matasan nan suka rubuta kafin rabuwar ya ƙara tsada.

Sauran littafin ma ba baya ba. Akwai babin da ya sake gina tsibirin Beacon a kwamfuta, inda mutum zai zagaya kamar yana can. Tsibirin nan ne waɗanda suka tsira daga hatsarin Batavia suka fake a 1629, inda wani daga cikinsu, Jeronimus Cornelisz, da mutanensa suka kashe fiye da mutum 100 a can da tsibiran kewaye. Batavia ɗin ma misali ne mai kyau na maganarmu, domin katakonsa an kwashe shi ne kashi kashi a shekarun 1970, yanzu yana tsaye a gidan tarihi a Fremantle, yadda yake kwance a ƙasan teku kuwa sai dai a hoto. Akwai kuma babi a kan HMS Falmouth, jirgin yaƙin Ingila da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka nutsar a 1916, inda aka haɗa siffar ƙaramin samfurinsa na gidan tarihi da awon ƙasan teku na zamani, aka ɗora wannan a kan wancan. Kyakkyawan aiki ne ƙwarai. Amma in an ce in zaɓi ɗaya, na Green zan ɗauka, ko kallon sauran ba zan yi ba.

Ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Littafin na masana ne, wasu babukan cike suke da lissafin gilashin kyamara wanda zai sa mai karatu na gama-gari hamma, a tsallake su ba laifi. Sannan akwai ɗan abin dariya a ce littafi a kan siffa mai zurfi yana nuna ta a shimfiɗe a kan takarda. Sai ka ji kamar ka sa yatsa ka juya hoton. Abin da ya fi damuna shi ne kyan siffar kansa. Zanen hannu na da, kowa ya san zane ne, yana kallonsa da taka tsantsan. Siffar kwamfuta kuwa tana zuwa da launin katako da inuwa, sai ido ya yarda da ita nan take, alhali tana iya lanƙwashewa kaɗan daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da an lura ba, musamman in hotunan a dogon layi ɗaya aka ɗauke su. Ba abin da ke kama irin wannan kuskure sai tsohon awon tef da aka rubuta da fensir a kan allon roba a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya shigar da hotuna kwamfuta ya yar da littattafan awo, ya yar da alƙalin da zai raba gardama.

Ina cikin karatun sai kwalekwalen Dufuna ya faɗo mini a rai, kuma ba don neman a jawo maganar gida ƙarfi da yaji ba, matsalar iri ɗaya ce. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a zurfin kamar mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ciki har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tona wurin suka bayyana shi: kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka. Kwalekwalen yana nan, an kai shi Damaturu. Amma ramin, da yadda ya kwanta a cikin laka, da jerin ƙasar da ta rufe shi, duk sun tafi ranar da aka ɗago shi, kuma 1994 zamanin fim ne. Duk wani hoto da aka ɗauka a bakin ramin nan, daga kowace kusurwa, har wanda aka ga bai yi kyan bugawa a mujalla ba, yana iya zama ɗigo a cikin lissafi. Abin da ake bukata shi ne a tattaro fina-finan na asali, ba waɗanda aka buga a takarda ba, a shigar da su kwamfuta da na'ura ɗaya, kowane da cikakken gefensa ba a yanke ba, tare da littafin awon da ya bi su, sannan a ba manhajar ta gwada ko sun ci juna yadda za ta iya haɗa su.